Hutu a kan keke a duwatsun Atacora: abin da ya kamata a sani kafin a tashi daga Parakou ko Djougou

Wanda ya tsaya a Tourou, a bakin hanyar da ta fita daga Parakou zuwa Djougou, ba zai hangi dutse ba. Abin da ke gabansa gonakin doya ne da na kashu, da kaɗanya, da jar hanyar marmara da ke shiga ƙauyuka. Amma wannan hanya ita ce ke kai mutum yankin da ya fi ko'ina tuddai a Jamhuriyar Benin, wato jerin duwatsun Atacora. Daga Parakou zuwa Djougou kimanin kilomita 135 ne, daga Djougou zuwa Natitingou kuma kimanin 80.

Duwatsun ba su da tsawo sosai, shi ya sa baƙi ke raina su. Abin da ke kayar da mai keke a can shi ne rana, da ƙarancin ruwa, da tsakuwa mai yanka taya, sai kuma rashin sanin inda ya kamata a tsaya saboda matsalar tsaro. Duk waɗannan tun daga gida ake shirya musu.

Yankin da yanayin ƙasarsa

Jerin Atacora ya miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Ya ratsa arewa maso yammacin Benin, ya shiga Togo, ya ci gaba har Ghana. A ɓangaren Benin ƙololuwarsa ba ta kai mita 700 ba. Dutsen Sokbaro da ke kan iyaka da Togo, wanda littattafan makaranta suka fi ambata a matsayin mafi tsawo a ƙasar, mita 658 ne. Garuruwan Parakou, Djougou da Natitingou su kansu suna tsakanin mita 350 da 450 sama da teku. Ke nan hawan ba mai tsawo ba ne, sai dai yana da tsauri, kuma yana maimaituwa: a hau, a gangara kwari, a sake hawa.

Manyan kogunan ƙasar da dama daga nan suke tasowa. Kogin Ouémé, wanda matafiyi ke tsallakewa a Bétérou tsakanin Parakou da Djougou, daga tuddan Tanéka ya faro. Pendjari da Mékrou ma daga Atacora suke. Wannan ba ya nufin akwai ruwan sha a ko'ina. Da rani yawancin ƙananan rafuka suna ƙafewa, kuma wanda ya rage ba na sha ba ne sai an tafasa ko an sa masa magani.

Dutsen wurin mai tauri ne, idan ya farfashe yakan bar ɓaraguzai masu kaifi. A kwari kuma akwai rairayi da laka, a kan tudu akwai marmara mai gargada.

Hanyar da Hausawa suka sani

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan hanya. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake daga Kano, Katsina da Sakkwato sukan tsallake Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Parakou, su yada zango a Djougou, wanda a baki ake jin ana ce masa Zugu, sannan su nufi Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro. Suna kai kanwa, tufafi, kayan fata da dabbobi. Unguwar Zongo ta Parakou da tsoffin unguwannin 'yan kasuwa na Djougou gadon wannan zirga-zirga ne.

Tsarin ayarin yana da darasi ga masu keke. Akwai madugu mai yanke shawarar tashi da sauka, akwai jagaba da ya san hanya yake gaba, kuma ba a barin rarrauna a baya shi kaɗai. Ana tashi da sanyin asuba, a sauka kafin rana ta take, kuma ana auna tafiyar yini da nisan ruwa. Mai keken da ya bi wannan tsari ya rage wa kansa rabin wahala.

Wasan da keken

Hawan keke a kan duwatsu a matsayin wasa ya faro ne a shekarun 1970 a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka, inda matasa suka riƙa gyara tsoffin kekuna suna gangarowa da su daga tudu. A 1981 aka fara ƙera irin wannan keke da yawa don kasuwa, a 1990 aka yi gasar duniya ta farko, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. A Afirka, gasar Cape Epic ta Afirka ta Kudu tana gudana tun 2004, Ruwanda kuma ta mayar da hanyar da ke bin gaɓar tafkin Kivu abin jawo masu yawon buɗe ido. A Benin an fi sanin tseren kwalta na Tour du Bénin, wanda ke ratsa garuruwan arewa. Keken dutse kuwa, wanda a nan kowa ke kira VTT, ya cika kasuwa, amma yawanci makaranta da gona ake zuwa da shi.

Keken da zai iya Atacora ba sai mai tsada ba. Na gwanjo da aka shigo da shi ta Kwatano ya isa, muddin an duba abubuwa biyar:

- Jikin keken kada ya kasance da tsagewa ko walda, musamman wajen wuya da ƙarƙashin sirdi.
- Birkin gaba da na baya su kama sosai. Birkin faranti ya fi aiki cikin laka da doguwar gangara, amma na roba ya fi sauƙin gyara a ƙauye.
- Giya ta riƙa shiga ba tare da sarƙa ta zame ba, kuma a samu giya mai laushi ƙwarai domin hawa.
- Taya mai faɗi, mai ƙuraje, wadda ba ta tsufa ta tsattsage a gefe ba.
- Girman keken ya dace da mai shi. Idan aka zauna, aka sa diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe daidai.

Tayoyin keken dutse girma uku ne: inci 26, 27.5 da 29. A kasuwannin arewacin Benin an fi samun taya da tib na inci 26. Mai keke mai inci 29 ya sayi kayansa a Parakou ko ya zo da su. Haka batun bawul: akwai mai kauri irin na babur, akwai siriri. Famfon mai faci na bakin hanya mai kaurin yake kamawa, don haka mai siririn bawul ya riƙe famfonsa.

Lokacin zuwa

Damina a yankin takan fara wajen Mayu ta ƙare a Oktoba. A Agusta da Satumba ƙasa tana kore shar, magangarar ruwa ta cika, amma hanyoyi suna santsi, rafuka kuma kan taso ba zato. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu: ƙasa ta bushe, safiya da sanyi, ruwa bai gama ƙafewa ba. Hazo da ƙurar hunturu suna busar da maƙogwaro da leɓe, mai asma ya kula. A wannan lokaci ne kuma ake ƙona daji, ga manyan motocin auduga a kan kwalta. Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, ba lokacin koyo ba ne. Mai azumi ya ɗage doguwar tafiya zuwa bayan salla.

Hanyoyi huɗu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya

*Kewayen Tourou.* Wannan filin horo ne. Hanyoyin gona da ke tsakanin ƙauyukan yammacin Parakou suna da marmara, rairayi da gargada, ba tare da hawa mai tsanani ba. Zagayen kilomita 15 zuwa 30 da safe yana koya wa mutum sarrafa keke a ƙasa mara kwalta, yana kuma fallasa lahanin keken tun ana kusa da mai gyara.

*Tuddan Tanéka.* Daga Djougou zuwa Copargo kimanin kilomita 20 ne a kan hanyar Natitingou. Daga nan ake ratsewa zuwa tsoffin ƙauyukan Tanéka Koko da Tanéka Béri, waɗanda aka gina a jikin dutse, da ƙananan ɗakuna masu jinka. Tarihin baka na cewa mutanen sun hau tudun ne don tsira daga mahara. Tafiyar yini ɗaya ce daga Djougou, zuwa da dawowa. Kusa da ƙauyukan ana sauka a tura keken, saboda duwatsu da kuma girmama masu gari.

*Natitingou zuwa magangarar Kota.* Kimanin kilomita 15 zuwa 20 ne daga gari. Ɓangaren ƙarshe gangara ce mai duwatsu da ake yi da ƙafa. A cikin Natitingou akwai gidan tarihi na yankin, inda ake samun bayanin al'adun Atacora da labarin Kaba, wanda ya jagoranci tawaye ga Faransawa a waɗannan duwatsu a 1916 zuwa 1917.

*Natitingou, Koussoukoingou, Boukoumbé.* Ita ce ta fi kyau, ita ce kuma ta fi wuya. Hanyar tana hawa kan dutsen, sannan ta gangara zuwa filin Boukoumbé kusa da iyakar Togo. Nan ne ƙasar Batammariba, masu gidajen ƙasa hawa biyu da ake kira tata. Hukumar UNESCO ta sa yankin Koutammakou na Togo cikin kayan tarihin duniya a 2004, ta faɗaɗa shi zuwa ɓangaren Benin a 2023. A Koussoukoingou akwai jagorori 'yan gari da masaukin baƙi a cikin tata, aikin da ƙungiyar Eco-Bénin ta taimaka aka kafa. Gara a kwana a can, a raba tafiyar kwana biyu.

Wanda hutunsa bai wuce mako guda ba kada ya ɓata kwanaki a kan kwalta. Ya ɗora keken a mota daga Parakou zuwa Djougou ko Natitingou, ya lura kada a kwantar da shi ta ɓangaren giya ko a danne shi da kaya.

Inda ba a zuwa

A da, tafiyar takan ƙare ne a Tanguiéta, magangarar Tanougou da gandun dajin Pendjari. Yanzu lamarin ya canja. A watan Mayun 2019 an sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a Pendjari, aka kashe jagoransu ɗan Benin. Daga ƙarshen 2021 hare-haren masu ɗauke da makamai daga ɓangaren Burkina Faso da Nijar suka yawaita, har gwamnati ta ƙaddamar da rundunar Mirador a 2022. A watan Afrilun 2025 hukumomi sun tabbatar da kashe sojoji 54 a yankin gandun W. An kuma sha samun nakiyoyi da aka binne a hanyoyin daji.

Saboda haka gandun Pendjari da na W, da kewayensu, da duk yankin iyaka da Burkina Faso da Nijar, ba wurin yawon keke ba ne. Arewa da Natitingou kada a wuce sai da bayanin ranar daga 'yan sanda da mutanen gari. Ko hanyoyin da aka lissafa a sama a tambayi halin da suke ciki kafin a tashi, domin abin da yake lafiya bana yana iya canjawa baɗi.

Akwai wani abin da ya shafi mai karatu kai tsaye. A yankin da ake zaman ɗar-ɗar, baƙon da ke jin Hausa ko Fulatanci, yana yawo a daji da jaka a baya da waya yana duba taswira, yana iya jawo zargi ko da zuciyarsa fari ce. Maganin wannan shi ne a riƙe takardun shaida a jiki, a gabatar da kai ga ofishin 'yan sanda ko mai gari idan an sauka, a tafi da jagora ɗan yankin, kada a ɗauki hoton soja, shinge ko gada, kuma kada dare ya riski mutum a hanya.

Shirya jiki

Mako shida ya isa ga mai lafiya wanda ya saba hawa keke cikin gari. A mako biyun farko a yi fita uku a mako, ta awa ɗaya, a hanyar ƙasa. A mako na uku da na huɗu a ƙara fita guda mai tsawon awa biyu zuwa uku, a nemi duk ɗan tudun da ke kusa a riƙa maimaita hawansa. A mako na biyar a yi kwana biyu a jere da cikakken kaya, domin a Atacora rana ta biyu ce ke nuna gaskiyar jiki. A mako na shida a rage, a huta. Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila ya ga likita tukuna.

Dabarun da ake koya a wannan lokaci kaɗan ne. Wajen hawa, a sauya giya kafin tudun ya yi tsauri, a zauna, a ɗan sunkuya gaba. Wajen gangara, a miƙe a kan feda, a ja jiki baya, a kama birki biyu a hankali. Birkin gaba ne ya fi ƙarfi, wanda ya damƙe shi farat ɗaya zai wuntsila ta kan keke. A rairayi a sa giya mai laushi, kada a daina taka feda, kada a murɗa kan keke da ƙarfi. Ido ya riƙa kallon inda ake son bi, domin keke yana bin ido ne. Inda zuciya ta yi shakka, a sauka a tura. Sannu ba ta hana zuwa.

Ruwa, abinci da kaya

Cikin zafi mai keke yana bukatar rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa. Kada a bar gari da ƙasa da lita uku, kuma a san inda za a ƙara. Gumi yana tafiya da gishiri, don haka a riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kantin magani. Idan babu, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da fitsari mai duhu alamun gargaɗi ne. Wanda ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.

Guzuri na gida ya wadatar: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, ayaba, burodi, garin rogo da sukari. A riƙa ci kaɗan-kaɗan kowace awa. Sakwara da wagashi, cukun Fulani da yankin ya yi suna da shi, a bar su sai an sauka.

Kayan da ba a bari a gida: hular kwano, safar hannu, tabarau saboda ƙura, tib biyu, faci da sholisho, famfo, ƙarfen cire taya, sifanu da makullan da suka dace da keken, ɗan guntun sarƙa, wayar birki, man sarƙa, fitila, da guntun tsohuwar taya don toshe yanka. Tsidau da ƙaya sun fi dutse yawan huda taya. Iska kusan ba 2 ta isa ga mai matsakaicin nauyi: idan ta yi yawa keken yana tsalle, idan ta yi kaɗan dutse yana tsinke tib. A sauke taswira a waya tun ana gari, domin sabis yana ɗaukewa a kwari.

Lafiya da gaggawa

Sauro yana nan ko da rani, a kwana cikin gidan sauro. Kububuwa da kasa suna cikin macizan yankin, don haka a sa rufaffen takalmi, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse. Idan maciji ya sari mutum, ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. Manyan wuraren jinya a hanyar su ne asibitin koyarwa na Parakou, asibitin Ordre de Malte a Djougou, da asibitin yanki na Natitingou. Lambar 'yan kwana-kwana a Benin ita ce 118. Kada a fita ƙasa da mutum uku: idan ɗaya ya faɗi, ɗaya ya tsaya da shi, ɗaya ya nemo taimako.

Tsallake iyaka

Mai zuwa daga Najeriya yakan shigo ta Chikanda zuwa Nikki, N'Dali da Parakou, ko ta Ségbana daga jihar Kebbi. Daga Togo da Ghana ana biyowa ta Kara, Kétao da Ouaké zuwa Djougou. 'Yan ƙasashen ECOWAS ba sa bukatar biza, amma a riƙe fasfo ko katin shaida na ƙungiyar, da katin rigakafin shawara, da rasit ɗin keken. Ga mutanen Nijar, gadar Gaya da Malanville ta daɗe a rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka a binciki halin iyaka kafin a ɗaura kaya. A ƙauye da tsabar sefa ake ciniki, a tanadi canji.

Ladabin baƙo

Ana jin Hausa a zango da kasuwa, Dendi ya fi yawo a Djougou da Parakou, amma a kan dutse Yom, Waama da Ditammari ake yi. Koyon gaisuwa ɗaya a harshen masu gari yana buɗe ƙofa. Ƙananan tulin ƙasa da ke ƙofar tata wuraren ibadar gidan ne, ba a jingina keke a kansu, ba a zama. Akwai kurmi da duwatsun da ba a shiga sai da izini. Ba a ɗaukar hoton mutum ko gidansa sai an tambaya. Ba a ratsa kunyar doya ko gonar dawa. Idan aka haɗu da garke a burtali, a tsaya a gefe har ya wuce. Kuɗin jagora da na masauki a daidaita tun farko, a biya ba ja-in-ja, domin shi ne rabon da ƙauyen ke samu daga zuwan baƙi.

A daren tashi a sake duba birki, iska da ƙusoshi, a cika gorunan ruwa, a faɗa wa wani na gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin sha ɗaya na safe. Idan mutanen gari suka ce kada a wuce wani wuri, a juya.